Godiya bayan aikin ido, da kiɗan Japan da ya taya ni jinya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, likita ya ba ni izinin ɗago kai, idon hagu kuma ya fara gani, duk da akwai sauran hazo-hazo. Ga waɗanda suka ji ni shiru: tantanin nan na can cikin ido, wanda ke ɗaukar hoton abin da muke kallo, shi ne ya ɓamɓare. Aka yi aiki, aka cika idon da iskar gas don ta danne tantanin ya koma mazauninsa. Sharaɗin shi ne in kwanta rub da ciki, fuska na kallon ƙasa, dare da rana. Ba karatu, ba waya, ba talabijin. Don Allah duk wanda ya fara ganin walƙiya a idonsa, ko duhu yana rufo shi daga gefe guda, ya nufi asibitin ido a ranar, kada ya jira gobe.

Bayan godiya ga Allah, ina gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da yawan tambayoyina. Uwargida kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Ita ce ta sa wuƙa ta yanke rami a katifar soso don in sami inda zan sa fuska in yi numfashi, ita ce ke tashi tsakar dare ta ɗiga min magani. Maƙwabta, jama'ar masallacin unguwa, abokan aiki da suka haɗa gudummawa, da waɗanda suka zo dubiya suka yi ta hira da ƙeyata ba su gaji ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai kuma godiyar da nake so in daɗe a kanta, ta ɗan yayata da ke jami'a. Ya zo da ƙaramar sifika da memori, ya ajiye kusa da kunnena, ya ce, "Kawu, tunda an hana ku kallo, ga abin saurare. Babu mai waƙa a ciki, kiɗa ne zalla, na mutanen Japan." Safe da dare ina tare da karatun Alƙur'ani, amma tsakanin hantsi da la'asar lokaci ba ya tafiya ga mai kwance. Waƙa mai baiti kuma ta riƙa gajiyar da ni, don hankali na bin kalmomi, kalmomin kuma sai su ja ni zuwa tunanin ko idon zai dawo. Wannan kiɗa bai nemi in fahimci komai ba. Ya riƙe min hankali a wuri guda, abin da nake buƙata ke nan.

Da Casiopea na fara. Makaɗa huɗu ne, Issei Noro mai jita da Tetsuo Sakurai mai jitar bes suka kafa ƙungiyar a Tokyo a 1976, faifansu na farko ya fito a 1979. Wanda na fi maimaitawa shi ne Mint Jams na 1982, wanda aka ɗauka suna kiɗa a gaban jama'a. Sakurai na dukan tsirkiya da babban yatsa, Akira Jimbo na biye da shi a kan ganguna ba ya kuskure ko bugu ɗaya, jita da piyanon lantarki na miƙa wa juna zance. Kiɗa ne mai fara'a, kuma a lokacin fara'a ta yi min ƙaranci. Takwarorinsu T-Square ma gwanaye ne, sai dai nasu ya yi min santsi da yawa, ban daɗe a kansu ba.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne wurin Yoshida Brothers, wa da ƙane daga tsibirin Hokkaido, waɗanda suka fitar da faifansu na farko a 1999. Abin kiɗansu shamisen, tsirkiya uku a kan ƙoƙon da aka rufe da fata, ɗan uwan molonmu ne a ƙira. Ana kaɗa shi da wani faffaɗan makaɗi da ke dukan tsirkiya da fata lokaci guda, don haka kana jin tsirkiya kana jin ganga daga hannu ɗaya. Salon nasu na yankin Tsugaru ne, a jihar Aomori ta arewacin Japan, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. Da yaron ya karanto min tarihin salon sai na yi shiru. Makafi ne suka raine shi, masu bin gida-gida suna kiɗa a ba su shinkafa ko 'yan kuɗi. Fitaccen cikinsu, Takahashi Chikuzan, an haife shi a 1910, ƙyanda ta taɓa masa ido tun yana ƙarami, ya yi shekaru yana wannan yawo, daga baya ya zama wanda ya fito da shamisen gaban duniya a matsayin kiɗa mai tsayuwa da ƙafarsa ba tare da mawaƙi ba. Ya rasu a 1998. Na sa aka nemo min nasa. Ba ya gaggawa irin ta samari, yana barin kowace tsirkiya ta gama maganarta. Ina kwance ban san makomar idona ba, na ji mutumin da ya rasa nasa ya gina rayuwa cikakkiya da kunne da yatsu, tsoron ya ragu ƙwarai.

Sauran a gurguje. Kodo masu manyan gangunan taiko ne, suna zaune a tsibirin Sado, sun fara bayyana a Balin ta Jamus a 1981, kuma almajirinsu sai ya yi shekara 2 yana horo kafin a duba ko zai shiga sahu. Mono, da aka kafa a Tokyo a 1999, sukan fara a hankali har ka zaci sifikar ta mutu, bayan minti goma sai ɗaki ya cika, don haka a rage murya tun farko. Ƙungiyar toe kuma a saurare ta saboda mai gangarsu, Kashikura Takashi, wanda shi ke jan kiɗan, jitoci na bin bayansa.

Yarona, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar karatu, ya ba ka masu yi maka fiye da abin da ka yi min. Ya ce duk mai so ya kawo memori zai tura masa. An hana ni hawa jirgin sama har sai gas ɗin ya gama bajewa daga idon, saboda haka 'yan uwa na nesa ku ƙara haƙuri, da zarar likita ya sallame ni zan zo ban-gajiya da kaina in sha Allahu.