Katun ɗin Kirsimeti da muka kalla ni da Baba a Wusasa

Bana ne karo na farko da Baba bai je sujadar daren 24 ga Disamba ba. Shekarunsa 81, gwiwa ta ƙi, ga yanar ido a ɓangaren hagu, ga sanyin hunturun Zariya da ke shiga har ƙashi. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa fashin wannan dare ba, shi da kullum yake nuna wa baƙi tsohon cocin St. Bartholomew mai ginin laka da aka gina a 1929 kamar ɗakin mahaifiyarsa ne. Kowa ya yi wanka ya fita, gida ya yi tsit, sai ni da shi da ƙamshin cincin ɗin da aka soya da rana.

Tun a Kaduna na sauke wani katun a waya saboda yaran yayata, labarin haihuwar Yesu ne amma dabbobi ke magana a ciki, jakin da ya ɗauki Maryamu shi ne kan gaba. Na ce Baba bari in saka maka wani abu. Ya ce "Uwata, wannan ai na yara ne." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce ka dai gani, in bai yi ba sai mu kashe.

Kuskuren farko nawa ne, na kashe fitila don hoto ya fito kamar a silima, ashe mai yanar ido hasken talabijin cikin duhu dame masa gani yake yi, sai na ga yana ta murza ido bai ce komai ba. Na kunna ƙaramin ƙwai a bayansa, na jawo kujerarsa kusa, na karkata ta yadda idon dama ne ke fuskantar allon. Sai kuma sauti. Baba tsohon malamin firamare ne, Turanci ba baƙonsa ba ne, amma na 'yan katun gudu gare shi ga kiɗa a ƙasa, rubutun da ke fitowa kuwa kafin ya haɗa harafi ya wuce. Ƙara murya bai taimaka ba sam, hayaniya kawai ta ƙaru. Abin da ya yi aiki shi ne na rage sautin na zauna ta gefen kunnensa mai ji ina faɗa masa da Hausa, jaki ya ce kaza, kurciya ta ce kaza, rimot na hannuna ina tsayarwa duk sanda ya ɗaga yatsa.

Kuma fa ya ɗaga yatsa ya fi sau goma. Da aka nuno masanan nan na gabas da suka zo gaida jariri Yesu su uku a kan raƙuma ya ce tsaya, ɗauko mini Littafi Mai Tsarki. Tsohon nasa ne na fassarar 1932 da bangonsa ya sha ɗinki, ba ya iya karanta shi yanzu amma ya san inda komai yake. Ya ce buɗe Matiyu sura 2, ina aka ce su uku ne? Na duba, babu. Kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur. Ya ce to koma Luka sura 2 ki nemo mini jakin. Shi ma babu! Shekarata 38 ina jin labarin nan ban taɓa lura ba. Na zaci zai ce a kashe tunda sun yi ƙari, sai ya ce a'a bar su, daga Nazarat zuwa Baitalami kusan tafiyar Zariya zuwa Kano ce, mace da tsohon ciki ai dole a nema mata abin hawa, masu zanen nan sun yi hankali.

Daga nan ne ya ɗauko zancen jakin babansa, wanda suke kai dawa kasuwa da shi, da yadda Mama, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa yin Maryamu a wasan kwaikwayon coci tana budurwa, aka aro jakin maƙwabta ya ƙi shiga ƙofa. A wurin ya fara ganinta. Wlh ban taɓa jin wannan ba, shekara uku da rasuwarta ko sunanta ba ya iya kamawa. Na bar fim ɗin a tsaye, hoton jaki ya daskare a allo kusan minti 20, ni dai ina riƙe da kofin shayinsa ina saurare, ban yi gigin danna komai ba.

Fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba amma ba mu gama ba. Wajen tara da rabi kansa ya fara rinjaya, na gane da na fara tun la'asar da ya fi, dare ba nasa ba ne yanzu. Na gyara masa bargo na raka shi ɗaki a hankali.

Da safe gida ya cika, ana ta rabon shinkafa da nama ga maƙwabta Musulmi da Kirista kamar yadda aka saba, yara na ta guje-guje da sababbin kaya. Ina wanke tukunya sai ga jikansa ya zo da gudu wai Kaka na kira. Na same shi ya riga ya sa an jawo masa kujerar nan daidai inda na ajiye ta jiya, Littafin na kan cinyarsa. Ya ce "Uwata, zo ki zauna ta nan, ai mun baro su a hanya ba su isa Baitalami ba."