Warin da ya tarbe mu a ƙofar Legas

Daga Kano zuwa Ilori babu abin faɗi sai ramuka da shingaye. Mun bi ta Mokwa, muka ƙetare Neja a gadar Jebba, Camry ɗin yayana tana ba da sanyi lafiya lau. Sai da muka bar Ibadan, ana yayyafi, wari ya fara fitowa ta ramukan AC, irin na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a bokiti. Yaya ya zargi takalmina, ni na zargi ledar kilishin tsaraba. Muka sauke gilashi, hayaƙin tireloli ya sa muka mayar.

Mai masaukinmu dattijo ne a Zangon Agege, tun kakansa suke harkar goro a nan. Da shayi da burodin Agege ya tare mu, ya ba mu ɗakin ɗansa, maganar otal kuwa cewa ya yi kada ya sake jin ta. Da safe ya leƙa motar, ya yamutsa fuska ya ce, "'Ya'yana, ruwan Ikko ne ya gaishe ku."

Bakaniken farko da muka tsaya wajensa a bakin titi ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci: gas ya ƙare, kwamfuresa ma ta kusa. Kuɗin da ya faɗa ya sa Yaya ya ja salati. Wannan ciwon har gida akwai shi, kome ya sami AC sai a ce a ƙara gas, alhali motar tana sanyi har ƙashi.

Alhaji mai masaukinmu ya haɗa mu da wani yaro bakanike haifaffen unguwar, Hausarsa da ɗan karin Yarabanci. Hanci ya fara sawa kafin sifana. Ya kunna fanka ita kaɗai ya shinshina, ya kunna AC ya sake shinshinawa, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Yallaɓai, a wannan garin mota mai lafiya sai ta ɗigar da ruwa in AC na aiki. Taku ƙasa a bushe."

Ya ɗaga kafet ɗin gaba, wajen mai zaman banza, ya matsa da yatsa, ruwa ya tsattsafo. Ashe a bayan dashbod akwai ƙarfen da ke sanyaya iskar, danshi yana taruwa a jikinsa ya zama ruwa, wani siririn tiyo ya fitar da shi waje. Ƙurar hunturun Kano ta toshe tiyon. A gida iska busasshiya ce, ruwan bai taka kara ya karya ba, ana shigowa damshin Legas sai ya taru, fumfuna ta samu wurin zama. Ya hura tiyon da iska, ruwan laka ya zubo. Filtar da ya zaro daga bayan akwatin dashbod ta yi baƙi ƙirin, har da ganyen darbejiya a ciki.

Yana aiki yana lissafo mana sauran. Warin mushe ɓera ne ya mutu a cikin fanka. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi tare da hazo a gilashin gaba, ruwan lagireto ne ke yoyo ta wajen hita. Ƙaurin roba ko na waya, a kashe nan take, fanbel ne ko injin fanka ke ƙonewa. Warin fetur kuwa ya ce ba daga AC ba ne, mai ne ke zuba, a tsaya kawai. Gas ɗin kansa, R134a, kusan ba shi da wari, maiƙo a jikin bututu ke nuna yoyonsa. Turaren mota da muke ratayawa dariya ya ba shi. Shawararsa ita ce a kashe AC kafin a isa gida, a bar fanka ta busar da ciki na 'yan mintuna.

Filta sai kasuwar Ladipo da ke Mushin. Ban taɓa ganin kayan mota haka ba, injuna jibge har kan hanya, kafin ka rufe ƙofa mutum biyar sun tambaye ka me kake nema. Ciniki a nan babu gaisuwa, babu "albarka", farashi kawai ake jefo maka. Yaron ya juya harshe, muka biya rabin abin da aka fara faɗa. Na gida sun fi ladabi, amma na nan sun fi sanin lambar kaya.

A hanyar komawa wani mai kaki ya faɗo mana gidan gaba ba sallama, wai mun taka layi. Ihu yake tun kafin a ce masa komai, sai da Alhaji ya yi masa magana ta waya ya fita.

Washegari muka hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, muka leƙa Obalende, muka ci tuwo a Mil 12 wajen masu tumatir, da tsadar da ban yafe ba. Ta Lokoja muka koma, kafet ɗin bai gama bushewa ba sai a Zariya.