Marurun da na matse da hannuna

Ƙannena, tabon da ke cinyata ni na jawo wa kaina shi. Ina ɗan shekara 22 maruru ya fito mini, ya yi ja, ya yi tauri, ko wando ya goge shi sai na yi tsalle. Maimakon in bar shi ya nuna, sai na gasa allura a wutar ashana na tsire shi, na matse da yatsu biyu har na yi ƙwalla. 'Yar mugunya ce ta fito, sauran kuwa ni na tura ta can ciki.

Kwana biyu kaluluwa ta taso, zazzaɓi ya rufe ni. Na je kemis na sayi kafso shida na ampiclox, na sha huɗu, na fasa biyu na barbaɗa a kan ciwon, yadda na ga ana yi. Da na ji dama-dama na watsar. Sati bai zagayo ba ya dawo da 'yan rakiya, ƙanena da muke soso ɗaya da tawul ɗaya shi ma ya fito masa a hamata.

A asibiti aka tsaga, aka kwashe mugunyar, aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito likita ta ce, "Malam, wannan ai 'yar gida ce." Ƙwayar cuta ce, sunanta Staphylococcus aureus, ma'aikatan asibiti na ce mata sitaf. Kusan mutum ɗaya cikin uku na yawo da ita a hanci ko a fata, lafiya ƙalau, sai ta sami ƙofa: yankan reza, susar ƙaiƙayi, ko allurar wawa irina. Wani likitan fiɗa na Sikotland, Alexander Ogston, ya gan ta cikin mugunya a 1880, a cure kamar 'ya'yan inabi. In ta shiga jini tana iya kama ƙashi, huhu ko zuciya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kafson. Wannan ƙwaya ta iya kauce wa magani. An fito mata da wani magani mai suna metisilin a 1959, zuwa 1961 har an ga wadda ba ta jin sa a Ingila. Shan magani rabi da rabi, irin nawa, horo ne ake ba ta. Masu maganin gargajiya da ke shela da lasifika a tasha, suna ɗora wa sitaf duk wani ciwon sanyi da rashin haihuwa, waɗannan kasuwarsu suke ci.

Yanzu in maruru ya fito mini, tsumma mai tsabta nake tsomawa a ruwan ɗumi in gasa wurin sau uku ko huɗu a yini, in ya fashe in rufe shi, in wanke hannu da sabulu. Na fuska, musamman tsakanin hanci da leɓe, kada ku kuskura ku matse shi, don jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. In zazzaɓi ya biyo baya, ko jan yana faɗaɗa, ku nufi asibiti a ranar. In kuma yana yawan dawowa, ku ce a gwada muku suga. Ta haka aka gano na kawuna.