Ina biyan kuɗin rediyo a Jamus, amma sai a kunne nake ji

Ba a ƙofata aka liƙa takardar ba. Da a nan ne, da na cire na yaga, magana ta mutu. A allon sanarwa na ƙasan bene aka manna ta, gefen jadawalin fitar da shara, inda duk mai shiga gidan sai idonsa ya faɗa. Da kwamfuta aka buga ta, babu suna babu sa hannu. Wai ana tunatar da mazaunin hawa na uku cewa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin hutu ne, Lahadi kuma ranar hutu ce sukutum, kuma ba kowa ke sha'awar a tashe shi da rediyo ba. Mu biyu ne a hawa na uku: ni da wata tsohuwa da kyanwarta.

Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Me na kunna? Labaran BBC Hausa na daren jiya ne nake sa wa a waya bayan sallar asuba, ina dafa shayi ina shirin fita aiki. Ba kiɗa ba, ba ihu ba. Na san wanda ya rubuta, wani dattijo ne a hawa na biyu da muke haɗuwa a matattakala, in gaishe shi ya gyaɗa kai. Na taɓa ɗaukar masa akwatin kwalaben ruwa har ƙofarsa. Da ya ƙwanƙwasa ya ce ɗana rage murya, wallahi da na ba shi haƙuri har da rusunawa, don sa'an Baba ne. Amma ya zauna ya kunna kwamfuta, ya buga, ya nemo salatif, ya sauka ƙasa ya tallata ni. Abokan aikina da na ba su labari dariya suka yi, suka ce haka ake yi a nan, in ma gode bai kai ƙara wurin masu gidan ba. To, na gode.

Abin haushin kuma, kowane gida a ƙasar nan yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin na jama'a, ko kana da akwatin ko ba ka da shi, ko kana jin harshen ko ba ka ji. Wasiƙar kuɗin ta riga tukunya shigowa ɗakina. Ina biya, ban taɓa fashi ba. Ga shi kuma an ce kada a ji motsina.

Haka na sayi iyafis, kuma tun daga nan bai cika barin kunnena ba sai idan ina kan aiki ko salla. A Essen nake, ina koyon aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi, kuma tsakanin ɗakina da wurin aikin akwai tafiyar jirgin ƙasa da ta bas. A wannan zirga-zirgar na zama ɗan podkas, abin da a Funtuwa ban taɓa damuwa da shi ba, don wa zai ƙona data a kan abin da rediyo ke bayarwa kyauta?

Da na koyon Jamusanci na fara, don dole. Na zo da takardar shaidar cin jarrabawa, amma ranar farko da wata tsohuwa marar haƙori ta buɗe baki tana neman wani abu, ko kalma ɗaya ban kama ba. Deutsche Welle na da labaran da ake karantawa a hankali, Langsam gesprochene Nachrichten, labaran ranar ne sak amma mai karatun yana jan kowace kalma har ka ga inda ta fara da inda ta ƙare. Akwai Slow German na wata mata mai suna Annik Rubens, tana ɗaukar abu ɗaya na rayuwar Jamusawa ta yi bayaninsa cikin 'yan mintoci. Amma wanda ya fi shiga raina Easy German ne, na Cari da Manuel da ke Berlin. Hira kawai suke yi, su yi gardama, su yi ƙorafi a kan jirgin da ya makara ko ofishin da ya wahalar da su. A wurinsu na fara jin yadda Bajamushe ke magana idan ba darasi yake karantawa ba. Ranar da na yi dariya a cikin jirgi kafin in tsaya fassarawa a kaina, sai da na ji kamar in tashi in gaya wa duk fasinjojin. Ba wanda ya ɗago kai.

Na Jamusawan su kansu kuwa har yanzu da saura. Matasan wurin aikinmu suna son wani mai suna Fest & Flauschig na Jan Böhmermann da Olli Schulz, ranar Litinin su zo suna maimaita abin da aka ce suna ƙyaƙyatawa. Na gwada. Ina jin kalmomin, ban san me ya sa ake dariya ba. Sai in murmusa in ci gaba da shan shayina. Wannan kaɗaicin ya fi na ɗaki ciwo, don kana tsakiyar mutane ne.

Idan kaina ya gaji da Jamusanci sai in koma Turanci, can ma tarihi nake bi. In Our Time na BBC, wanda Melvyn Bragg ya gabatar daga 1998 zuwa 2025, malaman jami'a uku ake zaunar da su a kan batu ɗaya. A nan na ji shiri guda a kan daular Mali, da wani a kan taron Berlin na 1884 zuwa 1885 da Turawa suka zauna suka tsara yadda za su raba Afirka. Ina jin wannan ina kallon hayaƙin masana'antun yankinmu na Ruhr ta tagar jirgi, na ce ikon Allah, ga jikan waɗanda aka yi taro a kansu zai je ya yi wa jikokin masu taron wanka. The Rest Is History na Tom Holland da Dominic Sandbrook ya fi raha, shi nake sa wa idan ina guga ko wanke-wanke. Akwai wani tsoho a wurinmu, tsohon malamin makaranta, da ya tambaye ni ko garinmu akwai tarihi. Ina gyara masa matashi na ce da shi wani ɗan Hamburg, Heinrich Barth, ya shiga Katsina da Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya tarar da ganuwa da kasuwa da marina da malamai masu littattafai. Ya yi shiru yana kallona. Washegari ya sa jikarsa ta bincika, ya kira ni ya ce gaskiya na faɗa. Ranar ko gajiya ban ji ba.

Amma gaskiyar magana, duk waɗannan share fage ne. Abin da nake jira shi ne in tashi aiki in kunna na gida. Najeriya a Yau da Daga Laraba na Aminiya, su ne ke gaya mini nawa buhun masara ya kai da abin da ake ciki a kan kuɗin makaranta. RFI Hausa sun zuba shirye-shiryensu duka, Kasuwa A Kai Miki Dole, Al'adun Gargajiya, Ilimi Hasken Rayuwa, Lafiya Jari Ce. Na DW akwai Taɓa Ka Lashe. BBC kuma Ra'ayi Riga nake nema, da Amsoshin Takardunku. Shawarata ga duk wanda ya fito waje, kada ya ji labaran gida da daddare kafin barci. A ji su da rana. Ka ji an ambaci Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume kana kwance kai kaɗai cikin sanyi, ka kira gida waya ba ta shiga, to wannan daren ka yi sallama da barci.

Kuma ko an ji, ba ɗaya ba ne. A gidanmu rediyo ba na mutum ɗaya ba ne. Baba yana da wata baƙar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba, a da ƙarfe 6 na safe Muryar Amurka, 6 da rabi BBC, 2 na rana Jamus, 8 da rabi na dare a koma Landan. Da daddare tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gida, Malam mai shayi ya matso da bencinsa, maƙwabta su fito. Labarin minti biyar sai a yi awa ana tafka muhawara a kansa. Wani ya ce ƙarya ne, wani ya rantse da idonsa ya gani a Zariya, Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru za a karanta kanun labarai. Mu yara muna gefe, aikinmu juya eriya idan murya ta fara shaƙewa. Yanzu ina da duk tashoshin nan a aljihu, murya tar babu ƙara, in tsayar in mayar baya yadda na ga dama. Idan aka faɗi abin mamaki sai in waiga, in ga wani yana karanta jarida, wata tana shafa karenta.

Da Muryar Amurka ta yi tsit a watan Maris na 2025 bayan umarnin Shugaba Trump, Baba ya sa ƙanena ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Kai da kake kusa da su, me ya sami mutanen nan? Na sa an canza batir, na kai wa mai gyara, ya ce lafiyarta lau.” Na ce, “Baba, ai Amurka da nisa daga nan.” Ya ce, “To ba duk can ba ne?” Na yi masa bayani iya sanina. Ya yi tsaki ya ce shekara da shekaru mutum yana gaishe ka da asuba, rana ɗaya ya ɗauke ƙafa ko sallama babu.

Saboda shi na je Bonn. Wata Asabar na hau jirgi na sauka, na yi ta tafiya har bakin kogin Rhine inda ginin DW yake. Ban shiga ba, ban san kowa ba, na dai tsaya a gaban allon sunan na roƙi wata mai wucewa ta ɗauke ni hoto. Inna ta ce hoton nan sai da ya zaga majalisa hannu-hannu, har da masu cewa a can nake aiki, Baba kuma bai gyara musu ba. Na tura masa waya mai kyau, na sa ƙanena ya saukar masa da shirye-shirye. Ya saurari ɗaya ya mayar. Wai labarin da kai za ka zaɓi lokacin jinsa ba labari ba ne, ya riga ya kwana.

Ƙanen nawa ne ya riƙe wayar, kuma nan matsalar ta taso. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, gonarmu ta wajen gari ba ta nomuwa yanzu saboda 'yan bindiga, yana ɗan acaɓa da babur ɗin da na saya masa. Ni na fara tura masa Slow German don wasa. Yaron nan ya ɗauki abin da gaske. Yana zuwa shagon mai caji inda ake samun intanet da arha, ya sauke na mako guda, yana tuƙi iyafis a kunne. Kwanan baya ya aiko mini da saƙon murya da Jamusanci, yana tambayata yaya aiki, yaya sanyi, kuma lafazinsa ya fi nawa na lokacin da na sauka. Na saurara na sake saurara, ina alfahari ina jin tsoro. A ƙarshen saƙon ya koma Hausa ya ce, “Yaya, idan na sayar da babur ɗin zai kai ni Legas in rubuta jarrabawar?”

Ban san ta ina Baba ya ji ba. Bai saba kirana da kansa ba, amma ranar shi ya danna. Ya ce, “Ka daina tura wa yaron nan yaren mutanen nan.” Na ce, “Baba, ilimi ne, ko bai zo ba zai amfane shi.” Ya ce, “Ni ka ke gaya wa ilimi? Na ba su ɗaya, ya ishe su. Idan na faɗi cikin dare wa zai ɗauko mota? Uwarku wa zai kai ta asibiti? Ka wanke tsofaffin wasu, shi ma ya je ya wanke, mu kuma fa?” Ban da amsa. Na ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba.” Ya ce amin ya miƙa wa Inna, ita kuma ta shiga tambayata ko ina cin abinci.

Na daina turawa. Sai dai yaron ya riga ya san inda ake samu, ba ya buƙatata. Inna ta ce yanzu a zaure yake ɓuya ya ji, idan ya hango Baba ya zare ya tura aljihu. Ya sake tambayata maganar babur, na ce ya bari sai bayan sallah mu yi magana. Sallar ta wuce, ya aiko saƙo jiya yana tuna mini, kuɗin jarrabawar ma ya riga ya tambayo.