Abin da na koya a ɗakin gashin ƙashi

Da na samu gurbi a sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero, gaskiya ba shi zuciyata ta so ba. Likitanci na nema. Har na gama aji ɗaya raina bai kwanta ba, musamman idan 'yan uwa suka ce, "To wai tausa za ka yi shekara 5 kana koya?"

A aji biyu muka duƙufa kan sassan jiki: ƙasusuwa 206, tsoka, jijiyoyi, kowanne da inda ya faro da inda ya ƙare. Na ɗauka haddar nan ita ce karatun.

Sai da muka fara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idona ya buɗe. An kawo wani dattijo da hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama, maganarsa ma ba ta fita sosai. 'Yarsa ce ke jinyarsa. Na lura duk sanda za ta tayar da shi, hannun da ya shanye take kamawa ta ja. Na san illar haka, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, jan na iya goce gaɓar ya bar shi da ciwo mai tsanani. Amma na rasa yadda zan faɗa da Hausa, domin da Turanci na haddace komai.

Malamarmu ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, sannu da jiki. Yau 'yarka za mu koya wa aiki." Ta nuna mata yadda za ta tallafe shi ta bayan allon kafaɗa, yadda za ta sa filo ƙarƙashin hannun, da juya shi duk bayan awa 2 kada kwanciya ta zame masa gyambo. Ta sa ta maimaita har hannunta ya faɗa.

A ranar na yi lissafi. Mu awa ɗaya muke ganinsa, sau biyu a mako. Sauran lokacin duk yana hannun yarinyar nan. Tun daga nan na sayi ƙaramin littafi ina rubuta kalmomin da masu jinya ke amfani da su: sagewa, kasala, mutuwar jiki, tsami.

Bayan wasu makonni Baba ya miƙe da sanda, ya taka daga gado zuwa bakin ƙofa. 'Yarsa tana gefensa na dama, hannunta a bayan kafaɗarsa.