Mindar Yaƙin Asante: daga gefen azurfa zuwa takardar soja

'Yan uwa masu koyon tara mindar soja, bari mu duba mindar Birtaniya ta yaƙin Asante na 1873-74, a ƙasar Ghana ta yanzu, wanda Janar Wolseley na Birtaniya ya jagoranta har aka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874. Azurfa ce, faɗinta milimita 36, ƙyallenta rawaya da ratsin baƙi. Sandar ƙarfe, wato ɗan ƙarfen da ake liƙawa a saman minda, guda ɗaya tak aka yi mata, mai rubutun "Coomassie", wato Kumasi. Dakarun Hausawa na Kyaftin Glover, wani hafsan Birtaniya, ma sun yi wannan yaƙi.

Darajarta tana gefe, inda aka zana lambar soja, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa. Nan kuma ake ha'inci. Wani zai sa magagari ya share sunan asali, ya zana na sojan rundunar da ake rububi, kamar ta 42. Kafin ku biya, ku auna faɗin daga sama zuwa ƙasa, sannan daga hagu zuwa dama. Idan suka saɓa, an ci gefen. Ku duba ƙusoshin da ke riƙe sandar da gilashin ƙara girma. Sabuwar ƙusa alama ce an liƙa sandar daga baya.

Sai takardu, a ma'ajiyar tarihi ta Kew da ke Landan. A fara da kundin ma'aikatar yaƙi mai lamba WO 100, jerin waɗanda aka ba minda, don a ga ko mutumin ya cancanci sandar. Daga nan WO 97, takardun sallama: garin haihuwa, sana'arsa kafin ya shiga soja, tsawonsa, sau nawa aka hukunta shi. A nan farabiti yake komawa mutum, kuma ni a ganina wannan ya fi azurfar daɗi.

Amma sau da yawa ba a samun komai. Kafin 1883, galibi wanda ya samu fansho ne aka adana takardarsa. Wanda zazzaɓi ya kashe a bakin aiki ba shi a ciki. To sai a koma WO 12, rajistar albashi, a bi shi wata bayan wata har inda sunan ya ɓace. Lambar soja kuwa ta runduna ce kawai, mutum biyu a rundunoni daban suna iya riƙe lamba ɗaya.

Don Allah kada ku goge mindar da Brasso, man goge ƙarfe, yana cinye fuskar Sarauniya Victoria da ke jikinta. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da tattausan ƙyalle sun wadatar.