Tsumman goge hannu

Laraba. Ba wuta tun asuba, firij ya zama kabad. Sadiku bai kira ba, ni ma ban neme shi ba.

Bayan la'asar Ummi ta baje takarda a bakin tabarmar Baba, wai an ce su zana Najeriya da manyan kogunanta biyu. Can sai ta ɗago: "Mama, map ɗina ya karkace." Baba ya dakata da jan carbi. "Me kika ce, amarya? Taswira ake cewa. Kuɗi muke biya a raba ki da Hausa?" Ta turo baki, wai ai haka Anti take faɗi.

Ni da ba na iya yin shiru na ce, "To Baba, ai taswirar ma ba tamu ba ce, Larabci ce." Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce ni zan gaya masa? Tushenta ɗaya da sura, wato siffa, ɗaya da Al-Musawwiru cikin sunayen Allah, Mai suranta halitta. Kuma baƙon da ya haifi jikoki a gida ba a ƙara kiransa baƙo. Na ce abin mamakin shi ne su Larabawan yanzu khariɗa suke cewa, sun bar mu da taswira. Ya ce wannan matsalarsu ce.

Da na gaya masa asalin map kuwa, dariya ya yi har da tari. Daga Latin ta fito, mappa, wato ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburi ko a goge hannu bayan cin abinci. Turawan da can suna kiran zanen duniya mappa mundi, ƙyallen duniya ke nan, a hankali aka gutsure rabin sunan. "Ashe tsumman goge hannu jikata ke zanawa!" Haka ya yi ta maimaitawa har Hajiya ta leƙo daga kicin ta ji ko lafiya.

Daga nan hira ta yi nisa. Na kawo masa zancen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Bature Kilafatan ya same shi a Sakkwato a 1824 yana ta tambayar inda Kwara, wato kogin Neja, take zuba. Sarki ya zana masa kogin a kan rairayi, daga baya aka ba shi taswira da rubutun Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. Bakin kogin kam sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu, su Landa, suka bi shi da kwalekwale har teku. Baba ya ce duk ya ji, amma madugun da ke jan ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja bai taɓa riƙe takarda ba. Zango bayan zango, rijiya bayan rijiya, duk a ka suke.

Sai ya ce, "Ɗauko wayar taki. Nuna min garinmu."

Na buɗe, na rubuta sunan, babu. Na sake rubutawa yadda Bature zai rubuta, babu. Na ja da yatsa har na samo hedikwatar ƙaramar hukumar, na bi titin yamma, sai fili kawai. Da na juya hoton tauraron ɗan'adam rufin kwano ya fito, 'yan ƙalilan, ba suna. Baba ya karɓa ya matso da ita daf da ido, ya fara lissafa: nan masallacin Juma'a, nan gidan Liman, nan tsamiyar da ake cin kasuwa, nan gonar Kawu. Kowane gida ya faɗi mai shi, ya faɗi inda ya gudu tun da 'yan bindiga suka tashi garin. Wasu Gusau, wasu Funtuwa, wasu sai ya ce "Allah ya jiƙansa" ya wuce.

Abin da ya tsaya min a rai har yanzu ke nan. Wayar nan ta san kowane shagon shawarma a unguwarmu, har da lokacin rufewarsa, amma garin da aka binne kakannina ba ta san sunansa ba. Hoton ma tsoho ne, an ɗauke shi lokacin da gonaki ke kore.

An ce mutum na iya tura suna a saka. Zan tambayi Sadiku, in ya ga damar kira.

Tuwo ya yi gudaji. Gas ya kusa ƙarewa, kuma gobe kasuwa.